Ranar da Kaka ta ce in kai ta ɗakin karatu

A gidanmu na Zongo, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka ta sauke kaskon ƙosai. Da an idar da magariba za ta dawo daga bakin titi, ta juye sauran garwashin a murhun tsakar gida, mu kuma jikoki mu kewaye ta muna wawar gutsattsarin da ya maƙale a matsami. Ni kullum can baya nake zama, kusa da randa. Ba ni da surutu, kallo ne nawa. Na san tabon ƙunar mai guda uku da ke bayan hannunta na dama, na kuma san idan ta sosa haɓa to dariya na tafe. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana.

Ran Alhamis, da yake ba mu da lakwal, wato makaranta, nakan tafi wani ƙaramin ɗakin karatu a wajen unguwar Koulouba, wanda muke ce wa bibiliyotek. A bakin ƙofarsa akwai allo da ake manna sanarwar hukuma da Faransanci. Matar da ke kula da wurin takan karanta wa duk wanda ya shigo, ta fassara da Mosanci, yaren 'yan garin, in Bahaushe ne ta nemo mai fassara. Ba ta taɓa tambayar kowa kati ba sai mai aron littafi.

Wata Alhamis na ga sabuwar takarda a allon. Ana kiran mutanen unguwa taro a kan masu sana'a a bakin titi: a bar su, ko a tashe su. Kowa zai yi magana, sannan a ɗaga hannu. Na karanta har sau biyu. Kwana biyu bayan haka Kaka ta ce mini, "Takwara, na ji ƙishin-ƙishin za a taɓa mu. An ce a gidan littattafan nan naku ake liƙa labari. Ki kai ni in ji da kunnena mana."

Na dubi zanenta mai ƙaurin hayaƙi da silifanta da aka ɗaure da waya. Na tuna 'yan ajinmu da ke zama kusa da tagar wurin, masu dariyar wanda bai iya gaisuwa da Faransanci ba. Sai na ji bakina ya ce, "Kaka, ba a barin kowa ya shiga sai mai kati."

"To, Allah ya ba masu kati haƙuri da mu," in ji ta, ta ci gaba da surfen wakenta.

Da na faɗa mata ranar taron, da ta tambaye ni inda na gani, da maganar zuwa ta dawo. Shi ya sa na haɗiye har ranar ta wuce.

Bayan mako guda, an idar da magariba, sai ga Salamata, wata Bamosa mai sayar da dafaffiyar masara kusa da Kaka, ta shigo ko zama ba ta yi ba. "Yaba," haka take kiran Kaka da yarensu, "ina kuka shiga ku matan Zongo? Hannu kaɗan ya rage mu tsira! An ce mu kwashe kafin ƙarshen wata. Ni a ɗakin karatu aka karanta mini, ba kati ba komai. Ba ga jikarki nan ba, kullum tana zaune gindin allon?"

Kaka ba ta dube ni ba. Ta zuba wa Salamata ruwa, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta hura wuta.

"Ga ta nan tafe, ku tare ta," in ji ta, tana buɗe tatsuniya.

"Ta zo mu sha," muka amsa, ban da ni.

Ta ce a wani daji, namun dawa sukan taru duk shekara su yanke wanda zai sha a wane gefen tafki. Ranar taron kuwa a saman kuka ake zana ta, inda sai raƙumin dawa da masu fiffike ke gani. Akwai wata tsohuwar kunkuru da ta tsinci ƙwan tsuntsuwar nan tsada, ta rufe shi da ƙasa mai ɗumi har ya ƙyanƙyashe. 'Yar tsadar ta girma, tana hawa kuka tana hira da 'yan uwanta masu gashi mai sheƙi. Rannan kunkuru ta ce, "'Yata, raka ni gindin kuka, ki duba mini abin da aka zana." Tsada ta dubi ƙoƙon bayan tsohuwa duk taɓo, ta ce, "Ai gindin kuka sai mai fiffike." Aka yi taro babu kunkuru, aka ba ta gefen da ke fara ƙafewa.

Nan Kaka ta tsaya, tana juya garwashi.

"Sai me ya faru?" in ji ƙanena Sani. "Kunkuru ta cinye ta?"

"Kai da cin tsiya! Da wane haƙorin?" Yara suka fashe da dariya. Ba ta sosa haɓa ba. "Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran yana wurin tsada. Ku tashi, an kira isha'i."

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta kuma gaya wa babana ba. Da wata ya ƙare ta mayar da kaskonta cikin lungu, inda mota ba ta tsayawa, ƙosai yana kwana. Har ta rasu ba ta sake cewa in kai ta ko'ina ba, ni kuma kunya ta hana ni cewa, "Kaka, zo mu je."

Yanzu na girma. Nakan ji masu ilimi suna cewa mulkin jama'a ba ya tsayuwa sai labari ya isa ga kowa daidai, talaka da mai hali, mai boko da wanda bai yi ba. Gaskiya ne, amma ni ba a littafi na koye shi ba. A wancan taron an ƙirga hannuwa ba a zalunci kowa ba, takarda tana manne, ƙofa a buɗe, mai fassara na zaune. Hannu mai tabo uku ne bai je ba, kuma ni na tare masa hanya.

Duk ranar zaɓe, idan aka tsoma mini yatsa a tawada, nakan tsaya ina kallonsa. Na sha gwada ƙarasa wa 'ya'yana tatsuniyar nan. Kullum ina zuwa inda Kaka ta tsaya, sai in ce su tashi, an kira salla.