Ƙofar Gefen Inna

Kawu dai tsohon direba ne, motarsa ta girmi autansa ma, kuma ƙofar gaba ta gefen fasinja tun da can ba ta buɗuwa ta ciki. To duk inda suka je da matarsa Inna sai ya fita ya zagaya ya buɗe mata, 'yan layi suna ta "ango ba ka tsufa", ita kuma ta ce, "Ku rabu da shi, rowar gyara ce."

Da Inna ta rasu motar ta zauna ƙofar gida har tayoyi suka sace, shi ma haka, ya ci ya kwanta ya tashi ya zauna. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ko a gyara ko a sayar a samo maka wata." Kawu ya ce a gyara.

Ranar karɓa bakanike sai washe baki yake, ya ce, "Baba, inji garau, birki sabo, har ƙofar nan na gyara maka kyauta, ka huta da zagaye!"

Kawu ya shiga ya zauna a kujerar Inna ya ja hannun ƙofar, ta buɗe. Ya rufe ya sake ja, ta sake buɗewa. Ko haushi bai ji ba, kamar motar wani ya shiga. Ya fito ya miƙa wa ɗansa makulli ya ce, "Nemi mai saye." Ya tari babur ya koma gida.