Kawu Mai Tabarau da Bututunsa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, mai gyaran tabarau, bayan jinyar kwana shida.

Kawu, ba zan rubuta cewa kowa ya so ka ba, don ba ka son ƙarya. Shekara uku ana kiran ka boka a unguwar nan, don kawai ka haɗa bututun ruwa da gilasai biyu ka yi madubin hangen nesa, kana hawa saman bene bayan magariba. Wata mata ta taɓa zuwa shagonka a ɓoye, wai ka duba mata ko mijinta zai dawo. Ka ce, "Baiwar Allah, taurari ba su san mijinki ba. Amma zo ki ga ramukan da ke jikin wata." Ta zo, kuma ba ta ƙara fashi ba.

Ni sai a bazarar nan na fara zuwa kallon, da shekara arba'in da ɗaya, ban iya bambance tauraro da fitilar jirgi ba. Mako biyu ka hana ni taɓa bututun. "'Yata, ido tukuna." Ka sa na kashe waya, na zauna har idona ya saba da duhu. Sannan ka nuna min taurarin Kaza da 'Ya'yanta suna gangarawa yamma, da taurari bakwai masu kama da ludayi, waɗanda biyun bakinsu ke nuna tauraron arewa. Ranar da na gano shi da kaina, ka yi ta tafi har tari ya sarƙe ka.

Da mai gidan da kake haya ya garƙame ƙofar benen da kwaɗo, mu masu zuwa kallo muka ce a haƙura. Ka saɓi bututun, da ciwon ƙirjin nan naka, ka kai mu filin ajiye motoci. "Bene nasa ne," ka ce. "Sama fa?"

Jiya wasu suka ba ni shawara in jefar da bututun, wai a rufa maka asiri. Ba abin kunya ka bari ba, balle a rufa. Asabar mai zuwa mu tara za mu hallara a filin, ni zan saita shi. Mai zargi ya zo ya shiga layi.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da mahaifiyata da ta rasa ƙanenta ɗaya tilo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.