Jitar Baba Tanimu

Wata rana, shekara biyu ke nan ko sun ɗan ɗara, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Tasalla ta ɗauki jitar mahaifinta ta shiga mota da ita zuwa wani ƙauye a saman duwatsun Gembu, inda aka tura ta aiki.

Mahaifin nata, Baba Tanimu, ya yi shekara talatin yana kaɗa jita a wuraren biki a Kafanchan. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya ce a fitar masa da jitar daga ɗaki.

Daga nan ya daina hira. Abinci ma sai an yi da gaske. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga bakin layi ya koma kallon bango.

Tasalla ta ƙudurta a ranta: za ta koyi jitar nan, idan ta samu hutu ta zo ta kaɗa masa, ko Allah zai sa ya dawo cikin mutane. Ba ta gaya wa kowa ba. So take ta ba shi mamaki.

To, can inda take ba ta san kowa ba. Ɗaki ɗaya aka ba ta a bayan asibiti, ga sanyi, ga hazo da ke sauka tun la'asar. Idan ta tashi aiki sai ta rufe ƙofa, ta jingina waya da kofin shayi, ta kunna bidiyon koyarwa da ta sauke a gari.

Amma fa kunya ta hana ta sakat. Bangon ɗakin na katako ne, tarin maƙwabci ma ana ji. Me za a ce? Sabuwar nas ta zo da kiɗa?

Sai ta naɗe tsohon ɗankwali ta cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin, don kada sauti ya fita.

Haka ta koya. Shiru.

Ta haddace hawan do-re-mi a wuyan jita, tsari na farko har zuwa na biyar: wane yatsa ne a wane gida cikin gidajen da aka rarraba wuyan, daga ina ake zamewa zuwa ina. Ta haddace kamun yatsu da ake kira kod. Akwai wanda sai an shimfiɗa manuniya a kan tsirkiya shida gaba ɗaya, shi kam sai da ya sa ta kuka sau biyu.

Kan yatsunta ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

Ba abin da take ji sai ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana tsintar wake a faranti.

Wallahi abin tausayi ne. Wata bakwai! Duk Juma'a tana kiran gida, a kara wa Baba waya a kunne, ta ce, "Baba ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan hirar.

Akwai kuma wani abu. Tun tana ƙarama doka ɗaya ce a gidansu: ba a taɓa ƙusoshin da ke kan jitar Baba, waɗanda ake murɗawa a saita sauti. Don haka duk bidiyon da ya zo kan saiti, wucewa take yi. Jitar Baba ce, ai a saice take. Wace ce ita da za ta gyara abin da ya ɗaura da hannunsa?

Ba ta san tsirkiya na saki da kanta ba, balle a sanyin dutse.

Hutun kwana uku ta samu. Ta iso gida da hantsi, ta zauna a kan tabarma gaban gadonsa, ta zare ɗankwalin.

Ta ɗora yatsu daidai, ko ɗaya bai kuskure ba. Ta kaɗa.

Innalillahi! Abin da ya fito ko a gidan maƙera ba a jin irinsa.

Ta sake. Ta canja kod. Ya ƙara muni. Ta bi do-re-mi ɗin da ta yi wata bakwai tana bi, ita kanta ba ta gane shi ba.

Ta kifa kai a kan jitar. Ta zo ta ɗaga tsoho, ga shi ta tuna masa da abin da ya rasa, kuma a mafi munin sauti.

Sai ta ji gadon ya motsa.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa, Baba. A waya."

"Wa ya taɓa jin ki?"

"Ba kowa."

Ya daɗe yana kallon yatsunta.

"Matso da kan jitar nan. Hagun dai bai mutu ba."

Ita tana taɓa tsirkiya, shi yana murɗa ƙusa, ya karkata kai yana saurare. "Sake. Sake. Tsaya nan." Ɗaya bayan ɗaya har shida. Gumi ya keto masa, amma bai yarda an karɓe shi ba.

Ya ce ta kaɗa.

Ta ɗora yatsun nan dai, a gidajen nan dai. Sauti ya fito garau, ya cika ɗakin. Karo na farko ke nan da ta ji abin da hannunta ya iya.

Ta ɗago tana jiran ya yi murmushi. Bai yi ba. Hawaye ne ke bin gefen fuskarsa da ya shanye.

Ya ce, "Uwata, kowa ya shigo ɗakin nan ya jiki yake tambayata. Wata bakwai kina can kina fama da abin da na sani, ni ina nan ba wanda ya tambaye ni komai. Da kin kira kin ce Baba koya mini, ai da na tashi zaune tun tuni."

Darasi: Kada kunya ko son ba da mamaki ya sa ka ɓoye koyonka, don wanda ba a ji ba, ba a gyara masa. Kuma tsohon da ke kwance a gidanku ba sannu kaɗai yake jira ba. Yana jiran a ce masa, "Nuna mini yadda ake yi."

In akwai irinsa a danginku, ka kira shi yau da tambaya. Sannan ka tura wannan ga wani, wataƙila shi ma akwai wanda ya manta bai tambaya ba.