Kawu Buba Mai Leƙa Ido

Ku da kuka san Kawu Buba kun san ba ya gaisawa irin ta mutane. Ka miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya sa yatsa ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa. In ya ga ja, ya ce, "Madalla, ina kwana?" In ya ga fari fat, to gaisuwa ta ƙare, sai faɗa. Har limamin unguwarmu bai tsira ba. Ana sallame Juma'a Kawu ya tare shi a bakin masallaci, ya leƙa.

"Akaramakallah, me kake ci ne?"

"Abin da Allah Ya hore, Farfesa."

"To ka roƙe Shi hanta da zogale."

Ni Hauwa ce, 'yar ƙanwarsa, kuma ina da dalilin jure halinsa fiye da kowa. Ɗana Adamu da sikila aka haife shi. In ciwon ya tashi da ƙarfi sai an ƙara masa jini, samun mai bayarwa kuwa sai wanda ya gani. Kawu ne ke nemo mana. Yadda yake yi ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba, don in ka tambaye shi abu ɗaya sai ka sha karatu har la'asar.

Mutumin nan fa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin jini a jami'a, yana hawa duwatsun Maiha da Michika yana binciken sikila. Rubuce-rubucensa har ƙasashen waje ana karantawa, ɗalibansa sun zama manyan likitoci. Amma yaran gidanmu "Mai Allura" suke ce masa, suna jin ƙarar tsohon babur ɗinsa sai ƙarƙashin gado.

Kun tuna Turawan nan da suka zo har Mubi don su yi hira da shi kan bincikensa? Sun kafa na'urori a zaure, sun gyara zama, sai Kawu ya ce, "A kawo hannu tukuna." Suka ɗauka wasa ne. Ina! Ya tasa su gaba har asibiti, kowanne ya ba da jini leda guda. Da suka dawo jiki a sanyaye ya ba su kunun gyaɗa, sannan ya dubi agogo.

"Kai, lokacin barcina ya yi. Ku dawo gobe."

Na ce, "Haba Kawu, baƙi ne fa!"

Ya ce, "Shi ya sa na ba su kunu."

Ranar da aka zo neman auren 'yarsa Ladidi kuwa, kunya ta kusa kashe mu. Dangin saurayin 'yan kasuwa ne, mutanen Barno, sun sha manyan riguna da turare. Ba su gama ajiye goro ba Kawu ya fito da tire cike da allurai.

Wan uban yaron, wani ƙaton Alhaji, ya ce, "Farfesa, ai yaron za a gwada, mu me namu?"

"Shi don aure, ku don kun riga kun zo."

Ana tsira wa Alhaji allura a yatsa, ya ga ɗigon jini, sai ya sulale, hula gefe guda. Muna ta salati ana yayyafa masa ruwa, Kawu na duba jinin a kan gilashin gwaji hankali kwance. Da Alhaji ya farfaɗo ya ce masa, "Albishirinka, jininka kowa na iya karɓa. Ina ne shagonka?"

Kawu ya rasu ana gab da azumi. Wallahi na yi kukan rashinsa, amma rabin kukan na tsoro ne. Da azumi masu ba da jini ƙaranci suke yi, wa zai ba da jini da ƙishirwa a wuya? Aka kuwa shiga goman tsakiya, Adamu ya kwanta, idonsa ya yi fari, likita ya ce a nemo jini yau. Na fito harabar asibiti ina juya waya a hannu, na rasa wanda zan kira.

Sai ga wani dattijo ya sauka daga babur, takalminsa duk laka, da samari a bayansa.

"Kai ne maman Adamu? Ni Bitrus, daga Mugulbu. Nas ya kira ni. Mu ne na azumi."

Na ce, "Na azumi kamar yaya, Baba?"

"Farfesa ya raba mu tuntuni. Azumi, mu 'yan coci ne ke ba da jini. Lokacin girbi muna gona, sai Alhazan kasuwa su bayar. Da yana ciwo ya zo har gida na, ya ce ko ya mutu zai sani idan na yi latti." Ya naɗe hannun riga. "Ina ne ɗakin? Ba na son faɗan mutumin nan."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Adamu ya yi Sallah a tsakar gida, yana rigima a kan nama.

Allah Ya jiƙan Kawu Buba, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane, Allah Ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Amin.