Iro Mai Hoto da Hotonsa Guda Ɗaya

Ku da kuka san Iro Mai Hoto kun san hular nan tasa da ta koɗe har ba a gane asalin launinta. Ba don rana yake sa ta ba. Da zarar wani ya ɗaga waya a inda yake, ko da lokaci mutum zai duba, caraf sai ya tuɓe hula ya kife ta a fuska, murya na fitowa daga ciki: "A sauke! A sauke! Ban ba da izini ba." Ku je ku duba hotunan bukukuwan danginmu. Duk inda kuka ga wani dogo a gefe, babbar riga a ƙasa, hula a sama, ba fuska a tsakani, to ba aljani ba ne, Iro ne.

Ni Laraba taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara a Kabo ba mu taɓa haɗuwa mun rabu salin alin ba. Shi ya raɗa mini Gidan Rediyo, wai labari ba ya kwana a bakina. Ƙarya yake yi, yana kwana, sai da safe nake fitar da shi. Ni kuma na sha alwashi a gaban dangi cewa sai na mallaki hotonsa kafin ɗayanmu ya mutu. Abin haushi ne mana! Mutumin da ya ɗauki rabin mutanen Gwarzo hoto, a ce shi ba shi da ko ɗaya?

Akwatin ɗaukar hoto na katako ne da shi mai ƙafa uku, a gindin dalbejiya kusa da tasha. Ka zauna a benci, ya cire murfin gilashi ya mayar, ya zura hannu cikin akwati yana lalube kamar mai neman ƙwai a akurki. Takardar farko da take fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, ita yake kira uwar hoto, don daga ita ake haifar na gaske. Idan ya miƙa maka naka, sai ya ƙyasta ashana ya ƙone uwar a gabanka. "Ka gani da idonka ko? Ta mutu. Ba mai sake haifar ka a bayan idonka."

Ga maƙo kuma, wayyo Allah! Zamanin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, takardar hoto ta yi tsada, sai ya koma zaunar da mutum biyu a benci ɗaya, ya ɗauke su tare ya raba da almakashi. Wani malamin firamare daga Garo ya je gida ya duba nasa, sai ga kunnen wani mahauci a gefen kafaɗarsa. Ya dawo yana huci.

"Malam Iro, kunnen wane ne wannan a jikina?"

Iro ya karɓa ya duba a tsanake ya ce, "Malam, kunnen nan gyara na yi maka. Ban caje ka ba."

Amma fa mutane sun yarda da shi. Ko da aka ƙaddamar da Shari'a, masu gida suka ƙara tsanani a kan shiga gidajensu, Iro kaɗai ake yi wa iso har tsakar gida ya ɗauki mata, saboda an san ashanarsa.

Ana nan sai ɗana Nura ya gama karatu ya buɗe shago a tsallaken titi, da kwamfuta da ɗan janareta. Minti kaɗan ya fitar maka da hoto mai launi. Iro ya ƙetara ya je ganin ƙwaf, hannuwa a baya. Ya tarar an ɗauki wani direba, hoto ya fito.

"Yauwa. To ina uwar?"

Nura ya ce, "Kawu, tana cikin kwamfuta."

"Fito da ita."

"Ai ba ta fitowa, sai dai a goge."

"Goge in gani."

Nura ya danna, direba ya ɓace daga gilashi. Har Iro ya fara gyaɗa kai, har ya ce ba laifi. Sai ɗan nawa, da yake bakin uwarsa ya gado, ya ce, "Kuma ka san abin burgewar, Kawu? Ko an goge ana iya dawo da ita." Ya sake dannawa, sai ga direba ya dawo yana washe haƙora.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Iro ya ja da baya har ya take wa mutum ƙafa. "Abin da aka kashe a gabana ya tashi? Nura, wannan ba inji ba ne, munafuki ne. Ya ce maka ya manta, alhali yana riƙe da kai a ciki."

Tun daga ranar, idan zai wuce ƙofar shagon, hula a fuska yake wucewa. Rannan haka ya yi karo da baron mai rake, suka zube tare. Ana ɗaga shi ana sannu, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ta gan ni?"

Da aka zo rajistar zaɓe da kwamfuta, ya bi layi tun safe har rana ta take, ba don ya yi rajista ba, don ya yi tambaya. Ina bayansa a layin mata, da kunnena na ji.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, cire hular ka kalli nan."

"Idan na kalla, ina za ta kai ni?"

"Abuja, Baba."

"Wa na sani a Abuja?"

"Ajiyewa kawai za a yi."

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar?"

"Baba, ba ɗaki ba ne, wata babbar kwamfuta ce, kamfani ne ya haɗa ta."

"Madalla. Shi kamfanin ɗan wane gida ne? Idan ya sayar da fuskata, gaban wane alƙali zan kai shi?"

Layi ya ɗau gunaguni, ana ta a yi haƙuri Malam Iro, rana na dukan mutane. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Mala'iku biyu ke rubuta ni dare da rana, sun ishe ni. Ba na neman na uku, balle wanda sai an zuba masa fetur." Ya yi tafiyarsa, bai ƙara jefa ƙuri'a ba har ya bar duniya.

'Yarsa Habi, ita kaɗai Allah ya bar masa, aure ya kai ta Fatakwal. Ta aiko masa da waya, ya mayar mata a kwalinta ko buɗewa bai yi ba. Sai dai ta kira wayar uwarta Ladi, a kara masa a kunne, shi kuwa yana magana kamar ɗan sanda na tsaye a kansa.

"Baba, kana ina?"

"Ina inda Allah ya ajiye ni."

"Yaya jikin?"

"Wane jiki? Wa ya gaya miki?"

Nura ya taɓa lallaɓa shi, ya ce yanzu akwai manhajar da za ku ga juna da Habi kuna hira, kuma kyauta ce. Iro ya kalle shi sama da ƙasa. "Kyauta? Mutanen da ba su san ubana ba, su kafa ƙarafa a kan kowane tudu, su biya masu gadi, don kawai suna ƙaunata? Ni ma kullum ina watsa wa kajina dawa kyauta. Je ka tambaye su ranar sallah."

Ni fa duk wannan lokacin ban fasa farauta ba. Na laɓe a bayan rumbu, na samu ƙeya. Na yi kamar ina amsa kira, na samu hula. Ranar wani suna a garin Kara na ɓoye waya a cikin mayafi, na matso ina ta yi masa daɗin baki, Yaya Iro kaza, Yaya Iro kaza. Bai ko juyo ba ya ce, "Gidan Rediyo, yau ni ne Yaya? To mayafinki yana haske." Kai, na ji haushi ranar! Ko tuwon sunan ban ci ba.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya Ladi ta aiko Kabo wai in zo, Iro na nemana. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, ga tsohon akwatin an kafa shi a gabansa. Ladi ta raɗa mini cewa Habi ta yi kuka a waya, ta ce 'ya'yanta ba su san fuskar kakansu ba, ko hoto ɗaya a tura mata. Ya ce a'a, ya kuma wuni bai ci abinci ba.

Ya ce, "Laraba." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna yara. "Na sa takarda a ciki. Ki cire murfin, idan na ɗaga yatsa ki mayar. Kada ki girgiza akwatin, kuma kada ki yi magana."

"Ni, kada in yi magana?"

"Shi ne mai wuyar, na sani."

Ya gyara hular nan, wannan karon a kansa. Na matsa gaban akwatin. Na cire, na mayar. Ya lallaɓa ya taso da ƙyar, ya zura hannu ya yi lalubensa, ya fitar da uwa, ya haifi hoto ɗaya tak, ya ƙyasta ashana. Sannan ya miƙo mini.

Na ce, "Ba Ladi za ka ba wa ba?"

"Ladi tana da tausayi, yara na yi mata kuka za ta bari su ɗauka da waya. Ke kuwa ba ki da tausayi ko kaɗan."

"Ni da ka ce labari ba ya kwana a bakina?"

"Ke idan kin yi surutu, jibi an manta, kuma wata rana za ki mutu ki huta a huta. Ita kuwa waya ba ta mantawa, ba ta mutuwa. Wanda yake son ganina ya tako ya zo ɗakinki, ya kalla da idon da Allah ya ba shi. Kin ɗauki amana?"

Na ce na ɗauka. Ranar da na ci nasarar da na shekara da shekaru ina nema, kuka na yi a mota har Kabo.

Habi ba ta riske shi ba, an kai shi makwancinsa kafin ta iso. Ta zo ɗakina da 'ya'yanta, na buɗe adaka na fito da shi. Ta daɗe tana kallo, sai na ga hannunta ya nufi jaka. Na riƙe hannun. Ta ce, "Gwaggo, ubana ne fa." Na ce na sani, ni ma ɗan'uwana ne, kuma ba da ke na yi alƙawari ba. Ta fita da fushi, ko sallama ba ta yi mini ba. Amma da shekara ta zagayo sai ga ta da yara, haka kuma ta bayanta. Yarinyar da a da sai dai a ji muryarta a waya, yanzu duk shekara uwarta na ganin ta.

Abin da Iro bai gaya mini ba, maƙon nasa ya biyo shi har cikin hoton. Takardar da maganin wankin duk tsofaffi ne, tun na zamanin tsada da ya ƙi zubarwa. Kowace damina sai hoton ya ƙara dusashewa. Nura ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, dannawa ɗaya ce, in kin bari ya ɓace shi ke nan har abada." Kada ku ɗauka ban ji ba. Na sha riƙe hoton a hannu ɗaya, waya a ɗaya, zuciyata na cewa wa zai sani. Sai in tuna mutumin da ya ƙi yarda da gwamnati da kamfanoni, ya zo ya yarda da Gidan Rediyo. Sai in mayar da shi adaka.

Yanzu rigar ta tafi, gemun ya tafi, idanun ma sai ka kai shi bakin ƙofa wurin haske kafin ka gan su. Kun san abin da ya rage daram, kamar jiya aka ɗauka? Hular! Ja'irin, ko a nan ma sai da ya ci ni.

To wanda bai gani ba ya zo da wuri, ƙwaryar ajiye waya tana bakin ƙofa. Allah ya jiƙan Iro, ya yafe masa kunnen mahauci da sauran kurakuransa. Yadda ya rufa wa mutanen garin nan asiri, Allah ya rufa masa nasa. Fuskar nan da ya yi ta ɓoyewa, Allah ya haskaka ta ranar da za a tashe mu, ya sa in gan ta in gane ta. Amin.