Saƙon da Na Bi da Shi ta Safana

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Saniyar da na gada wajen babanmu na sa aka sayar a kasuwar Batsari, don gudun ɓarayin shanu. Ɗana na fari, mai aiki a Katsina, ya ce a ba shi kuɗin ya saya mini hannun jari ta waya, a wani kamfanin waje mai yin gem ɗin ƙwallo. Ba ni ya gaya wa ba. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na zaman magana da shi. Gwaggonsa ta Safana, ƙanwar babansa, ita ke kai da kawo tsakaninmu.

Ban yi boko ba, ba na kuma fita, amma bayan katangar ɗakina akwai shagon gem. In rana ta take 'yan acaba ne maƙil ciki. Ina tankaɗe na ji ɗaya yana cewa, “Gem ɗin nan fa ya mutu. Masu gasar ƙwallon sun ƙwace izinin sa sunayen 'yan wasa sun ba wani kamfani. Na baɗi ba sunan ɗan wasa ko ɗaya.”

Wani ya ce, “To da wa za mu buga, da ƙanen babanka?”

Suka kwashe da dariya. Mai shagon ya ce shi kam ba zai sayi na baɗi ba.

Na aje rariya, don gem ɗin kamfanin da kuɗina ke ciki ke nan. Wanda ke cin abinci da abin ya ce ba ya so, to wa zai so?

Lambar yaron tana cikin wayata. Amma sai na tsaya kunya, na kira gwaggo na zayyana mata. Ta ce, “Ke da kunnen tsiya! Hirar 'yan acaba?” Ta riƙe maganar har sai da yaron ya zo wani bikin suna, bayan mako biyu. Kun san abin da ta gaya masa? Wai ina gaishe shi, ina tambayar yaya kasuwa. Shi kuma ya aiko wai farashin ya ɗan sauka, in kwantar da hankalina, abin na masu ilimi ne. Da na matsa mata, ashe saukar ta kusa rabi.

Ranar na danna lambar da hannuna.

“Salamu alaikum, wa ke magana?”

“Uwarka ce.”

Ya ce, “Inna? Wa ya rasu?”

“Saniyata. Ka sayar da abin nan yau.”

“Inna, ai yana iya tashi…”

“Mai shago ya ɓamɓare hoton gem ɗin daga ƙofarsa. Kai ka karanta, ni na ji da kunnena. Sayar!”

Ya sayar. Abin da ya turo da ƙyar zai sayi maraƙi. Gwaggo kuwa ta yi fushi, wai na zubar da girma na kira ɗan fari da bakina, har yau ba ta tako gidan nan ba. Ta yi zamanta can.