Malama Nana Hauwa da Akwatin Hedimasta

A Turba, idan aka ce wance ta faye taurin kai, da Malama Nana Hauwa ake auna ta. Ta tsufa da alli a hannu. Rabin matan da ke kawo yara firamare yanzu ita ta koya musu baƙi, kuma har yau in ta yi gyaran murya sai su gyara mayafi.

Shekarar da wata ƙungiya ta kawo wa makarantar ƙananan kwamfutoci na hannu da farantin sola, hedimasta Malam Sammani ya sa aka ɗinka musu riguna, ya jera su a akwati, ya danna kwado. Sai ranar da baƙi za su zo ake fito da su a shimfiɗa kan tebur kamar kwanukan jere, a ɗauki hoto, a mayar. Farantin kuwa ƙarƙashin gadonsa ya tura shi, wai in ya yi ƙyalli a kan rufi 'yan bindiga za su hango daga daji. Tsoron nasa ba ƙarya ba ne. Amma abin ya ci wa Nana Hauwa rai, don 'yan aji shida na gab da fita, ba wanda ya taɓa ko gefen na'urar.

Ta roƙa, ya hana. Wata safiya ta zare makulli daga ƙusar ofis ta kwashe su zuwa aji, ta kuma aika wa matarsa ta ba da farantin. Wurin shanya ta kai shi, can saman rumfarta, ta kwantar tsakanin kuɓewa da barkono, ta kewaye da tsohon buhu. Mai wucewa kayan miya kawai yake gani.

Doka ɗaya ta kafa: ba mai taɓa na'ura sai ya wanke hannu ya nuna mata. Haka yara suka ga taswirar da ta nuna musu garin Isa da Maraɗi kusa da juna, suka ga yadda zuciya ke harba jini. Ita kanta lalube take yi, in ta ɓata ta yi tsaki su sake tare.

Rannan na'ura ɗaya ta suɓuce wa wani yaro, gilashin ya tsage. Malam Sammani ya kira ta.

"Malama, ki hwaɗa min wa yah hwasa, ki maido kayan ga, ko in kai ƙara a ɗauke ki daga nan."

"Malam, ba ni hwaɗi, kuma ba ni maidowa. Abin da aka aiki da shi shi ka hwashewa. Don ɗiyan ga anka kawo su, ba don akwati ba."

Ta san abin da take saya wa kanta. A Turba aka binne mijinta, a nan gonarta take, kuma ba ta da sauran ƙarfin fara zama a baƙon wuri. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ba ta janye ba.

Aka mayar da ita wata makaranta can gaba da Gangara. Na'urorin suka koma akwati, kwado ya koma mazauninsa.

Safiyar tafiyarta mai babur ya bi da ita ta gaban makaranta. Ta ce ya tsaya. 'Yan aji shida ne kaf a layi a ƙofar ofis, kowa ya miƙa hannuwa biyu gaba, ruwa na ɗiga. Malam Sammani na tsaye a bakin ƙofa, makulli a hannunsa, ya rasa inda zai sa ido.

Nana Hauwa ta goge fuska da gefen mayafi.

"Mu tahi," ta ce wa mai babur. "Ba su tashi nan sai ya buɗe akwatin."